Ka Ji Wannan Kuwa?

A Mafoni, kamar sauran unguwannin cikin Maiduguri, ba a rasa saurayi mai ɗan teburi da kwamfuta a gindin darbejiya, yana cajin waya yana kuma tura waƙoƙi. Wanda ya zo wurinsa memori yake miƙawa ya ce, "Cika mini." In ya ƙara bayani, bai wuce ya ce a sa masa na Hausa da na Indiya, a haɗa da na Sudan kaɗan, a ware karatun Alƙur'ani da wa'azi a wuri daban. Kafin a shanye kofin shayi an gama. Mutum ya tafi da ɗaruruwan waƙoƙi a aljihu, rabinsu ba su da suna sai lamba, kuma ba wanda ya ce masa ga wadda zai fara da ita.

Ban ga laifin yaron ba. Sana'arsa ce, ta kuma rufa wa samari da yawa asiri a garin nan. Abin da na lura da shi shi ne wata 'yar magana da ke neman ɓacewa daga bakin mutane, wadda a da take yawo a kowace majalisa: "Ka ji wannan kuwa?" Mai faɗinta kaset ɗaya yake riƙe da shi. Ya saurare shi daga farko har ƙarshe, ya juya gefe na biyu, ya san inda zaren ya taɓa tsinkewa aka liƙe shi da salatif, ya sha naɗe shi da biro don kada batir ya ƙare. Kafin ya miƙa maka kuma ya riga ya auna ka, ya ga cewa wannan kiɗan zai zauna a kunnenka. In bai zauna ba, shi ne zai ji kunya.

Wanda na fi sanin wannan ɗabi'a a wurinsa wani dattijo ne a layinmu, malamin makaranta da ya yi ritaya. Baba Malam muke ce masa. Ya yi karatu a Zariya a farkon shekarun 1980, ya dawo da kwali cike da kaset-kaset da 'yan fayafayan garmaho da yake jerawa a tsaye, don zafin Maiduguri yakan lanƙwasa faifai in an kwantar da shi a kan wani abu marar daidai. Ba ya ba da aro sai ya yi tambaya.

"Ɗana, me ake ji a gidanku?"

Na ce masa Shata da Ɗanƙwairo, sai waƙoƙin Sudan da mata ke sawa in ana biki.

"In ka je Dandal ranar hawan Salla fa, me ke tsayar da kai, dawakin ko masu busa?"

Na ce masu algaita. Ya shiga ɗaki ya fito da wani kaset mai rubutun biro a jikinsa: Yusef Lateef, Eastern Sounds.

Wannan Yusef Lateef baƙar fatar Amurka ne, ya musulunta tun kafin ya yi suna, kuma an ɗauki faifan a 1961. A wasu kiɗe-kiɗen cikinsa obo yake busawa, ita kuwa obo 'yar'uwar algaita ce ta jini. Dukansu siraran ɓallin kara biyu ne a bakinsu, su ke kaɗawa in an hura, shi ya sa muryarsu take fita kamar ta hanci. Algaita an yi ta ne don fili da ƙura da dawaki, ta ratsa taro ta isa kunnen na nesa, mai busarta ya cika kumatu yana shaƙar iska ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba. Obo kuwa ta ɗaki ce, muryarta a sanyaye. Duk da haka kunnena bai ji ta baƙuwa ba ko na minti ɗaya. Daga baya Baba Malam ya gaya mini cewa shekarun da yake Zariya su ne shekarun da Lateef ɗin ya zauna a can: daga 1981 zuwa 1985 yana Jami'ar Ahmadu Bello, a cibiyar nazarin al'adun Najeriya, yana bincike a kan sarewar Fulani. A cikin wannan zaman ne ya je Legas a 1983 ya ɗauki faifan da ya sa wa suna In Nigeria tare da makaɗan ƙasar nan. Ya rasu a 2013. Har yau in wani ya ce mini yana son ya san mene ne jaz, ta wurin wannan bawan Allah nake shigar da shi, don ya ci tuwon ƙasarmu, ya zauna gaban masu sarewarmu a matsayin ɗalibi.

Abin da Baba Malam ya yi ke nan, kuma shi nake ganin ya kamata duk mai cewa "ji wannan" ya yi. Bai fara da abin da shi ya fi so ba, bai kuma fara da abin da littattafai suka ce shi ne gaba ba. Kunnena ya fara dubawa.

Akwai dai katanga guda da kusan kowa ke cin karo da ita a nan. Mu mutanen magana ne. Waƙar Narambaɗa ko ta Shata ana jin ta ne don abin da aka faɗa, don azanci da zambo da kirari, kiɗan yana biye. In ka sa wa mutum faifan da ba murya a ciki, bayan minti biyu zai dube ka ya ce, "To, yaushe za su fara waƙar?" Na ji wannan tambayar daga bakin mutane masu kunne sosai, ba na kuma raina ta. Amsar da nake bayarwa ita ce kalangu ma ba shi da baki, amma in ya kaɗa taken mahauta ba mahaucin da zai tambayi me ya ce. Mun saba da kayan kiɗa masu magana. Sai dai mun san harshensu ne tun muna goye, wannan kuwa sabon harshe ne, yana son a zauna da shi.

Inda ya fi sauƙin zama shi ne Kind of Blue na Miles Davis, wanda aka ɗauka a zama biyu kacal a 1959. Kiɗa biyar ne, duka bai wuce minti 46 ba, wato kusan gefe ɗaya na kaset mai minti 90. Abin da ya bambanta shi da yawancin jaz na zamaninsa shi ne makaɗan ba sa gaggawar sauya gidan sauti. Sukan zauna a gida ɗaya su daɗe suna kewaya shi, yadda mai goge ko mai kukuma yake yi. A kiɗan farko sai ka ji kamar kana majalisar dattawa bayan la'asar: Miles ya buɗe zance da ƙahonsa, kalmominsa kaɗan, yana barin shiru a tsakaninsu, John Coltrane ya karɓa da saksofon, shi mai zuba ne, kamar wanda abu ya daɗe yana cin ransa, Cannonball Adderley ya shigo da fara'a ya sassauta wurin, Bill Evans a kan fiyano ya ɗan sa baki a hankali. Ba mai katse wani. Wanda ya gane wannan tsari na karɓa-karɓa ya gane rabin jaz.

Mu 'yan Maiduguri kuma muna da wata gada da mutanen Kano da Katsina ba su kai mu mallakarta ba, wato Sudan. Hanyar alhazai ta ƙasa ta nan ta bi, ta Chadi, ta shiga Darfur, kuma ba gidan da ke cikin tsohon gari da zai rasa dangi ko labarin dangi a can. Tare da lalle da turaren wuta da laffaya, waƙoƙin Sayed Khalifa da Mohammed Wardi sun zama namu. Yawancin kiɗan Sudan a kan sauti biyar yake tafiya kamar namu, shi ya sa yake shiga jiki ba sallama. Wanda ya saba da su, in ka ba shi Sharhabil Ahmed, wanda mutanensa ke kira sarkin jaz na Sudan, zai ji jitar lantarki da saksofon da gangunan Turawa a cikin muryar da ya riga ya sani. An tattara wasu tsofaffin waƙoƙinsa an sake fitarwa a 2020. Ga mace ko namijin da ya tashi a gidan da ake jin Sudan, da shi nake farawa kafin Miles.

Shi kuwa rok ɗin nan mai dogon zango da samarin Ingila suka ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1960, wanda suke kira progressive rock, a wani mawuyacin lokaci na san shi. A watan Mayun 2013, da aka sa dokar ta-ɓaci, an katse layukan waya a Barno na tsawon makonni. Ba mai kiranka, ba wanda za ka kira, da yamma kowa yana cikin gida. Abin da ya rage na amfani a wayar shi ne fitila da abin da ke cikin memori, sai a haɗa waya da waya a tura wa juna ta Bluetooth. A haka wani abokina makaniki ya turo mini The Dark Side of the Moon na Pink Floyd, ya ce, "Kada ka ji shi gutsi-gutsi. In ba ka da minti 43 a jere, bar shi sai kana da su." Lokaci kuwa a kwanakin nan shi ne abin da muka fi kowa yawa.

Faifan na 1973 ne. Da bugun zuciya yake farawa. Can gaba agoguna su kaɗa gaba ɗaya su firgita ka, sannan a gefe na biyu a jera ƙarar tsabar kuɗi da na'urar kanti ta zama kiɗa mai taku bakwai, wanda ƙafa ba ta saba bi ba. Maganarsa a kan shuɗewar lokaci ce da kuɗi da yaƙi da taɓin hankali da mutuwa. Amma wurin da ya tsaya mini shi ne inda wata mata, Clare Torry, take rera murya ba kalma ko ɗaya, ta ɗaga ta kai ƙololuwa, ta karye, ta sauko tana shessheƙa. A nan ba wanda zai tambayi me take cewa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar gida ya ji muryar mace daga ciki a lokacin da aka kawo mata labarin rasuwa ya san wannan sautin, mu kuwa a wannan shekarar mun ji shi fiye da yadda zuciya za ta iya ɗauka.

Gargaɗin abokina yana da dalili. Waƙoƙin wannan faifan a ɗinke suke, ƙarshen wata shi ne farkon ta gaba, ba tsayawa sai inda ake juya faifai. In aka zuba su cikin memori tare da sauran ɗaruruwa, waya ta riƙa tsinto su yadda ta ga dama, sai ka ji agogo ya kaɗa tsakanin waƙar fim da ta siyasa, ma'anar ta watse. Saboda haka in zan ba wani, nakan tsaya a kan mai turawa in ce ya buɗe masa folda tasa shi kaɗai, ya sa lamba a gaban kowace waƙa daga ta ɗaya zuwa ta goma. Aikin minti ɗaya ne, yaran kuma suna yi da murna in ka gaya musu dalili.

Wasu kan ce tsawon irin wannan kiɗan ne ke korar mutanenmu. Ban yarda ba. Mutanen da suka zauna suka ji Bakandamiyar Shata har ta ƙare, suka san Ummu Kulsum ta Masar wadda waƙarta ɗaya kan doshi sa'a guda a gaban jama'a, suka san Fela da kiɗansa ɗaya ke cinye gefen faifai, ba minti 18 na Close to the Edge, wanda ƙungiyar Yes ta fitar a 1972, ne zai gajiyar da su ba. Matsalar wani wuri take. Dogon kiɗanmu taku ɗaya yake kamawa ya yi ta nutsewa a ciki, amshi yana dawowa, kai kana ƙara shiga. Su Yes kuwa ba sa barin ƙafa ta zauna. Da ka fara gyaɗa kai sun sauya taku, da ka kama sabon sun tsaya cak sun shiga wani sashe mai kama da waƙar coci. Ina son faifan, akwai gwaninta a cikinsa mai ban mamaki, amma ban taɓa ba wani shi a karon farko ba, kuma ba zan yi ba. Haka ma In the Court of the Crimson King na King Crimson, na 1969, wanda ke buɗewa da ƙara kamar ana yaga kwano. Wanda ke son ya bi wannan hanyar, gara ya fara da Osibisa, ƙungiyar da 'yan Gana da 'yan tsibiran Karebiyan da ɗan Najeriya suka haɗu a cikinta a Landan. Fayafayansu biyu na farko sun fito a 1971, wanda ya zana giwaye masu fukafukai a bangonsu kuma, Roger Dean, shi ne ya riƙa zana wa Yes nasu. Akwai jita da ƙaho da dogayen sassa, amma ganga tana nan a ƙasa tana riƙe da kai.

Telan da ke bakin layinmu na ba shi Pink Floyd ya dawo mini da shi, ya ce in yana ji ɗinkinsa karkacewa yake yi. Na ba shi Talking Timbuktu na Ali Farka Touré, ɗan Mali, wanda ya yi da Ry Cooder a 1994. Shi ke tashi a shagon har yau.

Akwai kuma na kusa da gida wanda ya kamata mu riƙa miƙa wa juna, ba ma yi. Mutane da yawa a nan sun san Malam Mamman Barka na Nijar da gurminsa da waƙoƙinsa na Hausa da Barbarci. Kaɗan ne suka san cewa daga baya ya je bakin Tafkin Chadi ya zauna gaban wani tsoho, Boukar Tar, ya koyi biram, abin kiɗan masuntan Buduma mai tsirkiya biyar da ƙirar kwalekwale, a lokacin da masu kaɗa shi suka kusa ƙarewa. Faifan da ya yi da shi ya fito a 2009, shi kuma ya rasu a 2018. Tafkin nan namu ne, kifinsa muke ci, amma sai ka zagaya teburan masu turi a unguwa ba ka samu biram ba. Wannan yana damuna fiye da rashin sanin Miles Davis.

Kaset-kaset ɗin kansu suna ƙarewa. Da madatsar Alau ta ɓalle a watan Satumban 2024 ruwa ya mamaye gari, wani abokin Baba Malam a Gwange ya rasa duk abin da ya tara tun yana saurayi, laka ta shiga cikin zaren. Ba wanda ya yi zancen a lokacin, don an yi asarar rayuka da gidaje, wa zai buɗe baki ya ambaci kaset? Sai bayan watanni mutane suka fara kawo masa waɗanda ya ba su aro shekaru da suka wuce, wasu shi kansa ya manta da su. Abin da ke hannunsa yanzu ke nan.

Kada kuma a ɗauka abin daga manya kawai yake gangarowa. Ɗan ƙanwata, wanda bai taɓa saka kaset a rikoda ba, shi ya zo mini da waya a hannu ya ce, "Kawu, ka san Mdou Moctar?" Buzu ne ɗan Nijar, da hagu yake kaɗa jita. Ya sa mini Afrique Victime na 2021, kiɗan da ke ɗauke da sunan faifan ya fara a natse ya riƙa ƙara gudu har jitar ta zama wuta. Na ce masa ai wannan mutumin faifansa na farko a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da muryar nan ta na'ura irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta memori da Bluetooth waƙoƙinsa suka bazu cikin Sahara kafin duniya ta san sunansa. Yaron bai san wannan ba, ni ma ban san sabon faifan ba.

Da na ga ya iya zama da kiɗa mai tsawo mai zafi, sai na yi shahada na ba shi wanda na fi ƙauna a duk abin da na ambata, A Love Supreme na John Coltrane. A rana ɗaya aka ɗauke shi, a watan Disamban 1964, mutum huɗu, kashi huɗu, minti 33. Coltrane ya yi shi ne don godiya ga Ubangiji bayan ya fita daga ƙangin shaye-shaye, ya kuma rubuta hakan a bangon faifan. An gina kashi na farko a kan 'yan sauti huɗu da ake ta maimaitawa, ana ɗaga su ana sauke su, kuma wanda ya tashi a garin da ake raya dare da zikiri ba zai rasa gane abin da maimaitawa take yi wa zuciya ba. Na zaci nan yaron zai tsaya, ko kuma ya ce mini busar ta yi masa yawa.

Da ya dawo sai ya ce, "Kawu, ni fa ban ma bi mai busar ba sosai. Wane ne a kan gangunan nan? Kamar mutum biyu ne."

Na ce masa mutum ɗaya ne, Elvin Jones sunansa. Da jin tambayar tasa na ajiye Kind of Blue da na shirya masa, don na ga inda kunnensa ya nufa. Tony Allen zan ba shi, makaɗin Fela, tun daga faifan Live! na 1971 da suka yi da Ginger Baker, Baturen Ingila da ya ratsa Sahara a mota ya zo Legas saboda ganga. A bugun da aka sake fitarwa daga baya an ƙara wani wuri na minti 16 inda Allen da Baker kaɗai suke fafatawa a bikin jaz na Berlin a 1978. In ya cinye wannan, sai Art Blakey, makaɗin gangar jaz.